Kai Iyali Hutu Bakin Teku Daga Bauchi ko Gombe: Jagora Daga Shiri Har Dawowa

Yawancin yaranmu na Bauchi da Gombe, ruwa mafi girma da suka taɓa gani shi ne dam ɗin Gubi ko na Dadin Kowa. Wanda ya yi sa'a kuwa an kai shi Yankari ya yi wanka a Wikki. Alhali ƙasar nan tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, tun daga Badagry a iyakar Jamhuriyar Benin har zuwa Kuros Riba. Magidancin da Allah ya hore masa, ya ga ya dace ya kai iyalinsa su ga wannan aya da idonsu, ya yi tunani mai kyau, kuma abu ne mai yiwuwa ba sai an fita waje ba. Sai dai abu biyu ne ke ɓata wa mutumin Arewa irin wannan tafiya: ko ya zuba kuɗi don neman natsuwa ya tsinci kansa da iyalinsa a tsakiyar kiɗa da shaye-shaye, ko kuma ya ɗauka teku ma irin kogin garinsu ne. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Fara da zaɓen rana, kafin zaɓen wuri

Natsuwa a bakin teku ba tsadar ɗaki ke kawo ta ba, ranar da ka zaɓa ce. Wurin da ranar Talata ba ka jin komai sai rugugin ruwa, shi ne ranar Asabar zai cika maƙil da 'yan biki, da masu kiɗa, da ma'aikatan kamfanoni da aka kwaso a bas-bas. Ka tsara ku isa Lahadi da yamma ko Litinin, ku baro Alhamis ko safiyar Juma'a. A wurare da yawa ma kuɗin ɗaki na tsakiyar mako ya fi sauƙi.

Sai batun wata. Damina a Legas takan kankama daga Afrilu, ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Akwa Ibom da Kalaba sun fi Legas ruwan sama nesa ba kusa ba. Dogon hutun makaranta yana faɗowa a Agusta, shi ya sa mutane ke ɗokin tafiya a lokacin, amma a watannin Yuli zuwa Satumba ne teku ya fi hauka, ruwan ya yi sanyi, igiyoyinsa su yi tsawo. In dai ba wani lokacin sai shi, ku je da niyyar kallo da wasan yashi, ba da niyyar shiga ruwa ba.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne sararin sama ke washewa, teku kuma ya ɗan sassauta. Amma ka guji makonni biyun ƙarshen Disamba. Lokacin ne mutanen Kudu mazauna ƙasashen waje ke dawowa gida, kuɗin jirgi da na ɗaki su yi tashin gwauron zabi, kuma babu bakin tekun da ba a kafa lasifika ba. A ganina, kwanakin da ke tsakanin wucewar sabuwar shekara da komawa makaranta sun fi kowane lokaci dacewa da mu. Mutane sun watse, hunturu na kaɗawa a gida, can kuwa ɗumi ne. Hutun Ista ma ba laifi, muddin ka kauce wa ranakun bikin kansu.

Ina za a nufa?

Legas ta fi sauƙin zuwa, amma ba cikin gari ba. Tsohon Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari an cike shi da ƙasa an gina Eko Atlantic a kai, kuma a 2024 aikin babban titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya cinye wani sashe na wuraren shaƙatawar Oniru. Waɗanda suka rage kusa da gari na matasa ne da hayaniya. Mai iyali sai ya yi gabas, ta hanyar Lekki zuwa Epe, yankin Ibeju-Lekki, inda irin su La Campagne Tropicana suke a ƙauyen Ikegun; ko ya yi yamma zuwa Badagry, inda Whispering Palms yake a Iworo. Na ambace su ne don ka san inda za ka fara bincike, ba don in ce nan za ka sauka ba.

Akwai bambanci guda da ya kamata ka gane tun yanzu. Wasu wuraren suna kallon buɗaɗɗen tekun Atlantika ne, wasu kuwa suna bakin kwantaccen ruwan nan da ke tsakanin tudu da teku, wanda ake kira lagun. Na Iworo irin na biyun ne. Mai ƙananan yara ko tsohuwa a tafiyarsa zai fi samun kwanciyar hankali a bakin lagun, sai dai sauro ya fi yawa, kuma ba za a ji wannan rugugin da aka zo dominsa ba. Wurin da ya haɗa biyun, ga kuma tafkin wanka na yara, shi ne abin nema.

Wanda ba ya son Legas sam, akwai Ibeno a Akwa Ibom, kusa da Eket, mai dogon yashi shimfiɗe iya ganinka. Ana sauka filin jirgin Uyo ne a ci gaba da mota. Mai fasfo da katin rigakafin shawara kuwa zai iya tsallakawa Benin, wajen Ouidah ko Grand-Popo, ba biza tunda ƙasar ECOWAS ce. Amma tafiyar farko da iyali, a fara da gida.

Kafin ko kwabo ya fita daga asusunka

Nan ne ake cin nasara ko a yi asara. Hoto a Instagram ba hujja ba ne, gani ya kori ji. Ka kira lambar da ke shafin wurin na ainihi, ka nemi ma'aikacin ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp. Ka ce ya shiga irin ɗakin da za a ba ku, ya buɗe famfon banɗaki ka ga ruwa na zuba, ya ɗaga katifa, ya nuna maka ragar taga, sannan ya fita da wayar a hannu ya taka daga ƙofar ɗakin har bakin ruwa kana kallo. A wannan ɗan tattakin za ka ga nisan, ka ga ko akwai shinge tsakanin ɗakuna da ruwa, ka ga inda mashaya take, ka kuma ga tsaftar yashin, don wasu gaɓoɓin Legas teku na amayo musu robobi da leda ba kaɗan ba. Wanda ya ƙi yi maka wannan, ya riga ya ba ka amsa.

Sannan ka yi tambayoyin nan, kuma ka nemi amsa a rubuce. Shin suna karɓar masu zuwa yini su tafi? Akwai biki ko taron kamfani a ranakun da ka zaɓa? Ƙarfe nawa ake kashe kiɗa? Wuta fa, janareta na kwana a kunne ko ana kashewa da tsakar dare? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, domin zafin can ba irin namu ba ne; namu busasshe ne, nasu gumi ne mai danƙo, yaro ba ya barci in fanka ta tsaya. Akwai masu ceto a bakin ruwa, kuma daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Wane asibiti ne mafi kusa, minti nawa ne a mota, kuma akwai motar da ke kwana a wurin? Ana barin baƙo ya shigo da abincinsa, ko sai ya biya tara? Idan da Hajiya ko Baba za a je, ka nemi ɗakin ƙasa mai kusa da wurin cin abinci, don tafiya cikin yashi tana gajiyar da gwiwa fiye da yadda ake zato.

Kuɗin da aka faɗa maka, ka tambaya ko da haraji a ciki. Akwai VAT kashi 7.5 cikin 100, a Legas akan ɗora harajin otal da gidajen abinci kashi 5, wurare da yawa kuma su ƙara nasu kuɗin hidima. In ba ka tambaya ba, ranar tafiya za ka ga lissafi ya kumbura. Ka kuma san ko kuɗin ya haɗa da karin kumallo kaɗai ne ko da abinci sau uku. A wurin da ke nesa da gari, inda ba wata mai tuwo a kusa, wanda ya haɗa da abinci yakan fi araha in an yi lissafin ƙarshe.

Wajen biya, asusun kamfani mai sunan wurin kaɗai za ka tura wa. Duk wanda ya turo maka asusu mai sunan mutum, ya ce ka yi sauri ɗaki ɗaya ya rage, ka ajiye waya. Masu buɗe shafukan bogi da hotunan otal ɗin mutane sun yi yawa. Ka biya kafin alƙalami, ka karɓi rasit mai ɗauke da ranaku da irin ɗakin, ka cika sauran in ka isa ka gani.

Hanya

Daga Bauchi zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Da yara a mota, tafiyar kwana biyu ce, a kwana Abuja ko Lokoja, kuma ban ba kowa shawarar tafiyar dare ba. Wanda ya bi ta Ibadan zai iya sauƙaƙa wa yara ƙarshen tafiyar da jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2021, daga Moniya a Ibadan zuwa Ebute Metta a Legas, abin da bai kai sa'a uku ba. Wannan kaɗai ma abin labari ne gare su.

Mai hali ya hau jirgin sama, daga filin Sir Abubakar Tafawa Balewa ko na Lawanti. Jadawalin jiragenmu yana yawan sauyawa, kuma galibi ta Abuja ake bi, don haka in za ka haɗa jirgi biyu ka bar tazarar sa'o'i masu yawa a tsakani. Hanya ta tsakiya, wadda iyalai da yawa ke bi, ita ce mota zuwa Abuja, Yankari Express ko Gombe Line ko ta gida, a kwana wajen 'yan uwa, da safe a hau jirgin Legas, tafiyar kusan sa'a guda. Jaririn da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne. A ba shi nono lokacin tashi da sauka don kada kunnensa ya toshe ya yi ta kuka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, sauka filin jirgin Legas da ke Ikeja ba isa ba ne. Daga nan zuwa Ibeju-Lekki sa'a biyu ce in hanya ta yi kyau, in gosulo ya kama kuwa uku ko huɗu, ga manyan motocin matatar Dangote da na sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a kan hanyar. Ka ɗauki jirgin safe, ka sa masaukin ya turo mota ko ka yi hayar wadda wani amintacce ya haɗa ka da ita. Idan wurin sai an tsallaka da kwale-kwale, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, har jariri da tasa daidai jikinsa, kuma kada ku hau bayan faɗuwar rana ko da direban ya rantse ya san hanya.

Abin da za a zuba a jaka

Uwargida, wannan sashen naki ne. Shadda mai sitaci da leshi mai nauyi su zauna gida, ba su da aiki a can. Kayan auduga marasa nauyi, masu saurin bushewa, su ake so, kuma yara su samu canji biyu a yini. Ki haɗa da gidan sauro ko da sun ce suna da shi, da man shafawa na korar sauro, da hodar ƙurajen zafi, da man kare fata daga rana, domin baƙar fata ma tana ƙonewa, ga hula mai faɗi ga kowane yaro da silifas na roba. Sai akwatin magani: farasitamol na yara, filasta, ORS (haɗin gishiri da sukari na masu gudawa) da zinc. In ORS ya ƙare, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta.

Guzuri kuwa, kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu, dabino da filas. Yaron da ya saba da kunu da masa da safe ba lallai ya karɓi abincin otal a rana ta farko ba.

Maganar suturar shiga ruwa kuma magana ce ta rai, ba ta ado ba. Dogon hijabi har ƙasa da zanen atamfa in suka jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, igiyar ruwa ta samu abin ja. Mace mai son taka ruwa ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu zuwa gwiwa, na yadi mara shan ruwa, da ƙaramin hijabi mai kama kai. Ana sayar da irinsu ɗinkakku, tela ma zai iya. An rufe jiki, an kuma tsira. Maigida shi ma ya nemi wandon da ya rufe cibiya zuwa gwiwa, ya ajiye jallabiya a kan yashi.

Teku

Ranar da kuka isa, kada kowa ya shiga ruwa. Ku je ku tsaya nesa ku yi kallo, ku bar yara su cika ido. Sannan ka nemi mai ceton da ke wurin, ka gaishe shi, ka tambaye shi inda ake shiga da inda ba a shiga. Jar tuta na nufin an hana shiga. Tuta mai ja da rawaya na nuna iyakar inda ake sa ido. In babu mai ceto, babu tuta, to ku ɗauka ja aka kafa.

Wikki ruwa ne garai-garai, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, kana ganin ƙasansa, kuma ba ya dukanka. Yaron da ya ƙware a can, ko ya saba faɗawa kogin Gongola, bai san komai ba game da Atlantika. Gaɓar Legas tana da gangara, igiyar kuma dab da tudu take karyewa da ƙarfi. Ka tsaya inda ruwa ke kai maka idon sawu kawai ka ji: igiya za ta zo ta wuce ka da kumfa, in ta juya za ta koma sai ka ji yashin da ke ƙarƙashin dugaduganka yana zarewa, ƙafarka na nutsewa, jikinka na karkata gaba. Babba zai gyara tsayuwa. Ɗan shekara uku kuwa zama zai yi daɓas, kafin ya miƙe ta biyu ta iso, kuma ba dole ta zama daidai da ta farko ba. Shi ya sa ƙaramin yaro ba ya taka ko jiƙaƙƙen yashi sai hannunsa na cikin na babba.

Abin da ya fi kashe manya kuwa shi ne wata ɓoyayyar hanya da ruwa ke bi ya koma ciki. Duk ruwan da igiyoyi suka turo tudu sai ya nemi mafita, sai ya taru ya ɓalle ta wuri ɗaya da gudu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya bi kwata ɗaya a unguwa. Abin takaicin, nan ne ya fi kama da wurin lafiya: za ka ga igiyoyi na karyewa dama da hagu, a tsakiya ga wani fili kwance, mai ɗan duhu, kumfa da tarkace na bin sa suna yin ciki. Baƙo can yake nufa. Wanda wannan ruwan ya ɗauka, kada ya ce zai yi iyo ya dawo ta inda ya fito, gajiya zai yi ya nutse, ko gwani ne. Ya kwanta a kan ruwan ya saki jiki, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo gefe, wato ya bi tsawon gaɓar, har ya fita daga hanyar, sannan ya nufo tudu. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa don ceto in ba horo gare shi ba. Ya yi ihu, ya kira mai ceto, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce ko kula. Sau da yawa mai ceton da bai iya ba shi ake rasawa. A Legas lambar gaggawa 112 ce ko 767. A sa su a wayar kowa tun a gida.

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kusan sa'a shida tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kimanin minti 50. Cikar ta fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da kuma tsakiyarsa, daren sha huɗu da sha biyar. Mu da muke lissafi da wata wannan ba zai yi mana wuyar riƙewa ba. Amfaninsa shi ne, inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi ruwa na iya cin wurin da azahar. Ka duba layin da tarkace da ganye suka kwanta a kan yashi, ku zauna sama da shi.

Yanzu ga dokar da nake roƙon kowane gida ya kafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Shiru yake yi ya tafi cikin abin da bai kai minti ɗaya ko biyu ba. Kuma abin yakan faru ne a gaban manya da yawa, kowa na zaton wani na kallo. Maganinsa a naɗa mutum ɗaya da suna. "Kawu, yara na hannunka har a kira la'asar." Shi kuma ya amsa da baki, ya ajiye waya, ba hira, ba hoto. In zai tashi ya miƙa wa wani da baki: "Maman Sadiq, na bar miki su, su huɗu ne." Kada a ɗora wa Yaya 'yar shekara goma sha biyu wannan nauyin, ita ma yarinya ce. Dokar nan tana aiki a tafkin wanka na masauki kamar yadda take aiki a teku, kuma balan-balan ɗin da ake sa wa yara a hannu abin wasa ne, ba abin ceto ba.

Yaron da ya shaƙi ruwa aka ciro shi, in yana ta tari, ko numfashinsa ya canza, ko barci na fizgarsa, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke. Kada a danna masa ciki wai a fitar da ruwa. Zai yi kyau mutum ɗaya a gidan ya koyi taimakon farko kafin tafiya. Ƙungiyar Red Cross na da reshe a jihohinmu. Ramin da yara ke haƙawa a yashi kuma kada ya wuce gwiwar ƙaraminsu, don yana ruftawa. Idan wani abu mai yauƙi a ruwa ya harbi yaro fatarsa ta yi ja tana zafi, a wanke da ruwan teku, ba da ruwan sha ba, kuma kada a murza.

Sallah da ci

A Legas teku yana kudu. In ka fuskance shi, gabas na hagunka, alƙibla kuwa hagun ce da ɗan karkatawa baya, wajen arewa maso gabas. Rana takan yi zawali a can kusan rabin sa'a bayan ta yi a Bauchi da Gombe, don haka kada a bi agogon sallar gida; a sauya sunan gari a manhajar waya. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi na yin ƙasaru, amma in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri sai ya cika sallarsa. In Juma'a za ta same ku a can, ka tambayi masallaci tun ranar Laraba. Yankin Epe da Badagry duk akwai Musulmi da yawa, kuma mai gadi ko mai suyan da za ka tarar a ƙofa, sau tari ɗan gida ne, zai nuna maka.

Abinci kuwa, kifi ne mafita. Ga shi sabo, ga shi ba shakkar yanka. A gasa muku da doya ko soyayyar ayaba, a sha ruwan kwakwa da aka fasa a gabanku. Nama da kaza a tambayi inda aka samo su, a kuma tambaya ko ana dafa naman alade a kicin ɗin da ko ana zuba giya a wani girkin. Tambaya ce da suka saba ji, ba abin jin nauyi ba ne. Ka roƙa a rage barkono a na yara. Jatan lande da ƙaguwa, wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, da rana, domin wasu jikinsu ba ya karɓa. Ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi bayan ci, asibiti ne kai tsaye. Ruwan sha na roba mai hatimi kaɗai.

Yadda yini zai tafi

Mu masu tashin asuba Allah ya ba mu sa'a a nan. Daga sallame sallar asuba zuwa ƙarfe tara bakin teku naku ne ku kaɗai, sauran baƙi na barci. Lokacin ne mata za su sake, Hajiya ta taka a hankali, yara su bi ƙananan ƙaguwa suna shigewa rami, ku ga masunta na jan koma da waƙa in akwai ƙauye kusa. Daga sha ɗaya zuwa uku a koma inuwa, a ci abinci, a yi ƙailula. Jaririn da bai kai wata shida ba kada a fitar da shi rana sam. Bayan la'asar a sake fita, a dawo kafin magariba, lokacin da sauro ke fitowa. Masu doki da masu hoto, a yi ciniki a gama kafin yaro ya hau.

Kada ku cika kwanakin da yawon gari, hutu kuka zo. Fita ɗaya ta isa. Wanda ke Badagry ya kai manyan yara su ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da gidajen tarihin cinikin bayi, da tsibirin Gberefu inda ake fita da bayi zuwa jirage. Akwai abin tattaunawa da yara a nan da ya fi na aji. Wanda ke ɓangaren Lekki kuwa akwai Lekki Conservation Centre, mai birai da gadar sama mai tsawon mita 401, sai dai ƙananan yara ba a barinsu hawa.

Ranar dawowa

Tun daren jajibirin dawowa ka nemi lissafinka, ka bi shi layi-layi da rasit ɗin farko a hannu, don kada gardama ta ci maka lokaci da safe. A ɗauraye duk kayan da suka taɓa ruwan gishiri da ruwan famfo a shanya, in ba haka ba zik da maɓalli za su yi tsatsa, kayan kuma su yi wari a jaka. Wanda ya zo da motarsa ya sa a wanke ƙarƙashinta. Yaron da ke jan kunne ko ya ce yana masa ciwo, a duba shi kafin a hau jirgi.

Yawancin masaukai sha biyun rana ake sallamar ɗaki, amma kada ka jira sha biyu. Ka ɗauki lokacin tashin jirginku, ka cire sa'a biyu na filin jirgi, ka sake cire huɗu na hanya in daga Ibeju-Lekki ko Badagry kuke. Jirgin ƙarfe uku na rana ke nan, ƙarfe tara na safe motarku ta bar ƙofa. In kuma daga Abuja mota za ku hau zuwa gida, ku kwana can ku kama hanyar Jos da sassafe.